Na nemi Google Summer of Code ba a ɗauke ni ba: ina kuskurena?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta. Bara na nemi shiga Google Summer of Code, na kwana uku ina rubuta takardar tsarin aikin da zan yi, amma ba a ɗauke ni ba. Abokina da na fi shi maki a darasin Python, harshen rubuta manhaja, shi aka ɗauka. Shin abin sai da hanya ne? Kuma me zan gyara bana?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Babu hanya irin wadda kake nufi, amma akwai sanayya, kuma aiki ne yake kawo ta. Ina kyautata zaton abokinka ya yi watanni yana kai-komo a cikin manhajar da ya nema kafin a buɗe karɓar takardu, kai kuwa ranar da ka miƙa takardarka ce ranar da suka fara ganin sunanka.

Bari mu fara da yadda shirin yake: ana biyan mutum ne ya yi 'yan watanni yana aiki a kan wata manhaja ƙarƙashin jagora. Google ya ƙirƙiro shi a 2005, kuma tun 2022 ba ɗalibai kaɗai ake ɗauka ba, duk wanda ya kai shekara 18 kuma sabon shiga ne a harkar buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya duba yadda aka rubuta ta ya tura gyara, yana iya nema. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, Google kuɗi yake biya ya kuma tsara lokaci, amma ƙungiyoyin da ke kula da manhajojin su ne suke tantance wanda suke so. Akan bayyana sunayen ƙungiyoyin wajen ƙarshen Fabrairu, a karɓi takardu daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, a fitar da sakamako a farkon Mayu. Masu duba takardarka yawancinsu 'yan sa kai ne, suna da aikinsu na ofis da iyalansu. Mutum zai ɗauki nauyin jagorantarka mako 12 ko fiye, kyauta. Tambayar da ke ransa ita ce: wannan yaron idan na gyara masa zai ji? Idan abu ya cuɗe masa zai yi magana ko zai ɓace? Makinka na jami'a ba ya amsa wannan. Gyare-gyaren da ka riga ka tura musu su ne suke amsawa.

Ni ma da ƙyar na koyi wannan darasi. Gyarana na farko a wata manhaja da ba zan ambaci sunanta ba, kan akwatin bincike ne. Idan ka rubuta "ɗanladi" da ƙaramin baƙi, ba ta nemo "Ɗanladi", domin wanda ya rubuta wurin ya ɗauka haruffa daga A zuwa Z suka ƙare, bai san da ɓ, ɗ da ƙ ba. Layi shida na canza, na tura da daddare ina jin na yi bajinta. Da asuba na tarar da wata mai kula da manhajar ta bar mini sharhi birjik: ban rubuta gwajin da zai nuna gyaran yana aiki ba, bayanin da na ɗora a kai bai faɗi dalilin gyaran ba, har tazarar da na bari a farkon layi ta saɓa wa ƙa'idarsu. Raina ya ɓaci, na rufe kwamfutar na kwana biyu ban buɗe ba. Da na huce na sake karantawa, sai na ga babu zagi ko ɗaya a ciki, ita ta ɓata lokacinta ne ta koya mini. Sai a zagaye na uku aka karɓa. A waɗannan layuka shida na koyi rubuta gwaji da amfani da Git, manhajar bin diddigin gyare-gyare, yadda ya kamata, abin da zango guda na karatu bai koya mini ba.

Don haka ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka jira Fabrairu. Jerin ƙungiyoyin da suka shiga a shekarun baya yana nan a shafin shirin, kuma da yawansu suna dawowa duk shekara. Zaɓi ɗaya, ko biyu idan ta yi yawa. An yarda mutum ya miƙa takarda har uku, amma a ganina wanda ya raba hankalinsa uku yakan fito da takardu uku marasa nauyi. Ka zaɓi abin da ka damu da shi. Idan harkar lafiya ce, ga OpenMRS, manhajar adana bayanan marasa lafiya da ake amfani da ita a asibitocin ƙasashen Afirka da dama har da Najeriya, kodayake ita harshen Java ta fi buƙata. Idan ilimi ne, ga Oppia, wadda Python ɗinka zai yi maka amfani a cikinta. Ga kuma Wikimedia, mai riƙe da Wikipedia ta Hausa.

Aikin farko shi ne ka sa manhajar ta tashi a kwamfutarka. Kada ka raina wannan, yana iya cin mako guda, kuma a nan mutane da yawa suke sarewa. Duk inda umarnin girkawa ya ɓatar da kai, rubuta shi, domin gyara wannan umarni ma gudummawa ce ta gaske. Daga nan ka nemi matsalolin da aka yi wa alamar good first issue, wato waɗanda aka ware wa sababbin shiga. Idan za ka yi tambaya a zaurensu, kada ka ce "ba ya aiki, ku taimaka". Faɗi abin da ka yi, abin da ka zata zai faru, da saƙon kuskuren da ya fito, ka kwafe shi yadda yake.

Gargaɗi ɗaya: kada ka bi yawa. A Oktoban 2020, lokacin Hacktoberfest, wani shiri na ƙarfafa tura gyara ga buɗaɗɗun manhajoji, mutane suka yi ta tura gyaran banza, ƙara waƙafi nan, canza kalma can, don kawai su cika gyara huɗu su sami kyautar riga. Masu kula da manhajoji suka fusata har aka canza ƙa'ida, sai manhajar da ta amince ake ƙirgawa. Gyara uku masu ma'ana da ka bi su har aka karɓa sun fi ashirin irin waɗancan.

Idan lokacin takarda ya zo, ka nuna wa jagoran daftarinta tun da sauran mako biyu, ya faɗa maka inda ta yi rauni. Ka raba aikin mako-mako. Sannan ka faɗi gaskiya game da halin da kake ciki. An tsara shirin ne a kan dogon hutun jami'o'in Amurka da Turai, mu kuwa Yuni da Yuli sau da yawa tsakiyar karatu ne ko jarrabawa. Rubuta makonnin jarrabawarka a ciki, ka faɗi shirin da ka yi wa wuta da data. An yarda a tsawaita aiki har mako 22, amma sai wanda ya yi magana da wuri. Wanda ya yi shiru mako biyu saboda an ɗauke wuta, jagoransa ba shi da yadda zai san haka, kuma akwai tantancewa a tsakiya da a ƙarshe, waɗanda biyan kuɗi ya rataya a kansu. A 'yan shekarun nan mafi ƙarancin abin da ake biya shi ne dala 1,500 ga aikin awa 175, da dala 3,000 ga na awa 350.

Akwai kuma Outreachy, da ake yi sau biyu a shekara, Mayu zuwa Agusta da Disamba zuwa Maris, ga waɗanda ba su da wakilci sosai a harkar fasaha. Can ma sai ka yi kusan wata guda kana ba da gudummawa kafin a zaɓe ka. Ka sanar da 'yan matan ajinku.

Ka kuma je wurin abokin nan naka, ka roƙe shi ya buɗe maka shafinsa na GitHub, dandalin da ake ajiye manhajoji ana tura musu gyara, ku zauna ku karanta gyaransa na farko tare da duk sharhin da aka yi masa a kai. Allah ya ba da sa'a.