Tambaya da Amsa: Ɗan Lise da Binciken Ilimi ta Intanet

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana shekara ta biyu a lise. Ya kawo mini wata talla da ya gani a Facebook, wai wani malamin jami'a a Amurka zai riƙa koya masa bincike ta intanet har ya rubuta takarda a buga, kuma wai hakan zai buɗe masa ƙofar jami'ar waje. Kuɗin da suka faɗa ya tayar mini da hankali. Gaskiya ne ko damfara?
*Wani uba, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Irin waɗannan shirye-shirye akwai su da gaske. Sanannu a cikinsu su ne Pioneer Academics da Lumiere Education da Polygence, kuma da Turancin Ingilishi ake yin su. Yaro zai cika takardar nema, ya aika makinsa na makaranta, ya rubuta fannin da yake sha'awa, wasu har hira suke yi da shi. In an ɗauke shi sai a haɗa shi da jagora, yawanci ɗalibin digirin dokta ne, wani lokaci malamin jami'a. Suna haɗuwa ta bidiyo kamar awa guda a mako, sau goma ko goma sha biyu, cikin wata uku ko fiye. Makonnin farko na karatu ne da tace tambaya, na tsakiya na tattara bayanai, na ƙarshe na rubuta takarda mai shafi 15 zuwa 20. Abin da talla ba ta faɗa shi ne, bayan awar nan guda yaro yana bukatar awa biyar zuwa goma a mako shi kaɗai da littattafansa. Wanda bai samu wannan lokaci ba zai zo zama hannu rabbana, jagora ya yi ta surutu, awa ta wuce.

Kuɗin kuwa yana kamawa daga wajen dala 2,500 zuwa sama da 6,000. Dalar Amurka muke nufi, Alhaji, ba dalarmu ta kasuwa ba. A sefa, daga miliyan ɗaya da ɗoriya ke nan zuwa sama da miliyan uku.

Wannan kuɗi ba ya sayen gurbin karatu, ba ya sayen biza, ba ya ƙara ko maki ɗaya a BAC. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi da ta Abdou Moumouni a Yamai BAC suke tambaya. Jami'o'in Faransa makin lise da BAC suka fi dubawa. Na Amurka suna karanta komai, amma sun san cewa biya ake yi a shiga waɗannan shirye-shirye. A 2023 kafar ProPublica tare da Chronicle of Higher Education sun bankaɗo yadda wasu kamfanoni ke karɓar kuɗin iyaye, su tura aikin yara zuwa mujallun da tantancewarsu ba ta taka kara ta karya ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka "tabbas za a buga", ka ja da baya. Mujalla ta ƙwarai ba ta yin alkawari kafin ta ga aiki.

Kafin ka saki ko tamma, ka nemi cikakken sunan jagoran, a duba shi a shafin jami'ar da ya ce yana ciki da kuma Google Scholar, shafin neman takardun bincike. Ka nemi a rubuce yawan zaman da za a yi, da abin da zai faru in jagora bai zo ba, da sharaɗin mayar da kuɗi. In lambar wayar wani mutum aka ba ka ka tura kuɗi, magana ta ƙare. Kuma ka san ranar kowane zama da lokacinsa. Yaro ne, bai kamata baƙo ya riƙa kiransa a ɓoye cikin dare ba.

Shawararmu: kada a sayar da fili ko gona saboda wannan. Pioneer tana ba da tallafi ga marasa hali, Lumiere ma tana da gidauniya da ke ɗaukar ɗalibai masu ƙwazo kyauta. Ya nemi waɗannan tukuna. Kuma ya yi aikin a babban hutu kafin ya shiga tarminal, don shekarar BAC ba ta ɗaukar kishiya.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, iyayena ba su da halin biya, kuma Ingilishina bai yi ƙarfi ba. Ina son kimiyya sosai. Ke nan ba ni da rabo?
*Wata ɗaliba, unguwar Bagalam*

Amsa: Kina da rabo, ƴata. Abu uku ne ke yin bincike: tambaya ƙarama, bayanai na gaskiya, da babba mai duba aikin. Ukun nan duka suna samuwa ba tare da miliyan ba.

Inda yara suka fi faɗuwa shi ne tambayar. "Canjin yanayi a Afirka" teku ne, ba za ki iya haye shi cikin wata uku ba. Amma ki ce: "Shin ranar faɗuwar damina a Maraɗi ta canza daga 1981 zuwa yau?" Wannan kina iyawa. Akwai ma'aunin da masana aikin gona ke amfani da shi a Sahel, wanda Sivakumar na cibiyar ICRISAT ya fitar a 1988: bayan 1 ga Mayu, damina ta kama a ranar da aka samu milimita 20 na ruwa cikin kwana uku a jere, muddin ba a yi fiye da kwana bakwai ba ruwa ba cikin kwana 30 da suka biyo baya. Sharaɗi na biyun nan shi ne abin da kowane manomi ya sani a jikinsa: ruwan farko ya yaudari mutum ya shuka hatsi, rana ta ƙone tsiron, ya koma neman iri.

Ki shiga shafin NASA POWER, kyauta ne, ki sa wurin Maraɗi, wato 13.5 arewa da 7.1 gabas, ki sauke ruwan kowace rana tun 1981. Ki buɗe shi a Excel ko LibreOffice, ki bi shekara-shekara kina fitar da ranar kamawar damina. Sai ki mayar da kowace rana lamba, ma'ana kwana na nawa ne a shekara, domin da haka ne za ki iya zana layi ki ga ko yana hawa ko sauka. Hattara biyu. Alƙaluman nan ƙiyasi ne na yanki mai faɗin kilomita kusan 50, ba ma'aunin ruwan da aka kafa a unguwarku ba ne, kuma dole ki faɗi hakan a takardarki. CHIRPS, wani rumbun alƙaluman ruwan sama, ya fi shi ƙanƙanta, wajen kilomita biyar, in kin samu mai taimaka miki sauke shi. Na biyu, in layin bai nuna wani canji ba, ki rubuta haka. Sakamako ne shi ma, kada ki matsa wa lambobi su faɗi abin da kike so.

Jagora kuwa, fara da malaminki na kimiyya ko lissafi. Ta hannunsa za a iya rubuta wa wani malami ko ɗalibin digiri na biyu a jami'ar Maraɗi, ko ma'aikacin bincike a cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke Tarna. Wasiƙar kada ta wuce layi goma: ke wace ce, mece ce tambayarki, me kika riga kika yi, kuma minti 30 kike roƙo duk mako biyu. Wanda ya ga kin fara aiki ya fi saurin amsawa. Takardun karantawa da Faransanci suna nan a shafin intanet na HAL, na Afirka kuma a shafin AJOL. In lissafi ne ya fi kwanta miki, shirin binciken lissafi na CrowdMath na MIT PRIMES da Art of Problem Solving a buɗe yake kyauta ga ɗalibai ko'ina, sai dai da Ingilishi ne kuma yana da tsauri.

Tambaya: An ɗauke ni da tallafi, amma ina tsoron matsalar intanet da ɗaukewar wuta.
*Wani ɗalibi, Tibiri*

Amsa: Barka da arziki. Kiran bidiyo na awa guda yana cin rabin giga ko fiye, murya kaɗai kuwa ba ta kai mega 100 ba. Ku gaisa da kyamara, sannan ka nemi izini ka kashe ta. Ka aika abin da ka rubuta kwana biyu kafin zama, don ko layi ya yanke jagora ya riga ya karanta. Ka kula da agogo: muna gaban Niyok da awa biyar a lokacin zafinsu, shida a lokacin sanyi, Kalifoniya kuma awa takwas ko tara. Suna canza agogonsu a Maris da Nuwamba, mu ba ma canzawa, nan ne ɗalibai ke rasa zama. Ka cika waya da batirin ajiya tun da rana, ka riƙe layin kamfani na biyu.

Tambaya: Ina koyar da kimiyyar halittu. Ina son ɗalibaina su yi gwaji na hannu, kuma a buga shi in zai yiwu. Daga ina zan fara?
*Wani malami, Tasawa*

Amsa: Malam, fara da wake. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda Jami'ar Purdue ta yi aikinsa tare da masu bincike na INRAN, yana kashe ƙwaron wake ne ta hanyar hana shi iska. Ɗalibai za su iya gwada wannan da kansu. A samu wake daga hannun manomi bayan girbi, a gauraya shi sosai, a raba kilo ɗaya-ɗaya. Mazubi iri uku: buhu na yau da kullum, bido mai murfi da aka cika shi taf, da bido da aka cika rabi. Kowane iri guda huɗu, goma sha biyu ke nan, a ɗaki ɗaya. A ranar farko a ƙirga ƙwaya 100 daga kowanne, a rubuta masu huji a kaye. A bar su mako takwas, domin a cikin zafi ƙwaron yana kammala rayuwarsa daga ƙwai zuwa babba cikin mako uku zuwa huɗu, sannan a sake ƙirgawa.

Abu uku ke ɓata wannan gwaji. Waken kasuwa sau da yawa an riga an sa masa magani, sai a tarar ko'ina ba ƙwaro. Yara kuma suna ɗokin buɗe bido su leƙa, iska ta shiga, aiki ya lalace. A naɗe bakin da leda, a sa hannu a kai. Na uku shi ne mazubi ɗaya tak ga kowane iri, wanda in murfinsa ya yi yoyo ba mai sani.

Wajen bugawa, Journal of Emerging Investigators tana karɓar aikin kimiyya na ɗaliban sakandare, da Ingilishi, kuma babba ne ke miƙa shi, wato kai. Akwai ɗan kuɗin miƙawa, gyara yana ɗaukar watanni. Mai son tarihi kuma akwai The Concord Review tun 1987. In binciken ya shafi yi wa mutane tambayoyi, a nemi yardarsu da izinin kwamitin ɗa'a kafin a fara, ba bayan an gama ba. Kuma ka sa kowane ɗalibi ya buɗe maka a gabanka duk takardar da ya ambata, domin ChatGPT da ire-irensa suna ƙirƙiro sunan marubuci da shekara da mujalla, alhali takardar ba ta taɓa wanzuwa ba.