Keken lantarki: wane irin kwaɗo zan saya kar a ɗauke mini shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗinki nike yi nan cikin babbar kasuwar Maradi, gidanmu kuma Ali Ɗan Sofo. Wata biyu ke nan na kwashi adashi na haɗa da ɗan abin da na tara na sayi keken lantarki jika 350, don kuɗɗin kabu-kabu sun ishe ni. To shekaranjiya anka ɗauke na wani maƙwabcin rumfarmu da rana tsaka ya tahi sallar azahar, tun ranar wallahi ban sake barcin kirki ba. Wanda ya saida mini ya ce kar in damu, tunda yana da rimot da jiniya da makullin wuya ba mai iya tada shi. Amma hankalina ya ƙi kwanciya. In ƙara kwaɗo ne? Wane iri? Na ga wata igiyar waya mai kauri mai lambobi ana saidawa bakin titi, ita ta isa?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya maida wa maƙwabcinka da alheri, kai kuma Allah ya tsare naka. Rashin barcin da kake yi yana kan hanya, don keken naka yadda ka bayyana shi a yanzu ba a kulle yake ba.

Maganar da mai saidawa ya gaya maka ita ce maganar da nike ji kullum a rumfata har ta gundure ni, kusan duk wanda ya zo yana kukan an ɗauke masa keke da ita yake farawa, "ai Malam na danna rimot, ai na ji ya yi ƙara, ai na kulle wuya". To wa ya gaya muku ɓarawo tada keke yake zuwa yi? Ɗauka yake zuwa yi. Mutum biyu ne, ɗaya ya kama gaba ɗaya ya kama baya, su jefa cikin adaidaita ko su ɗora kan amalanke su rufe da buhu, kafin liman ya sallame sun sha kwana. Keke mai feda da ƙaramin batir kilo 20 zuwa 30 ne, yaro ɗaya ma ya ishe shi, manyan masu kama da moto sun hi haka nauyi amma ƙarti biyu ba su jin komi. Rimot, makullin wuya, kwantak, ƙaramin kwaɗon da ake maƙalawa a farantin birki, duk aikinsu ɗaya ne, su hana keke tashi ko gungurawa. Ba ɗaya cikinsu da ke hana a ɗaga shi sama. Dabaibayi ne kurum, kuma akuyar da anka yi wa dabaibayi anka bari bakin kasuwa ba turke ai sauƙi anka yi wa mai ɗauka.

Kuma ko gungurawar ma ba su hana ta yadda kuke zato. Makullin wuya ɗan ƙaramin ƙarfe ne da ke shiga wani rami, ƙato ya murɗa kan keke da ƙarfi sau ɗaya ya karye, ina da su tuli cikin gwangwani waɗanda na cire. Kullewar da rimot ke yi wa ƙafar baya da wutar batir take aiki, an katse wuta ƙafa ta saki. Jiniyar ɗan akwati ne da bai kai kwalin ashana biyu ba, a ƙarƙashin roba yake, duk yaron da ya yi wata guda a garaji ya san inda yake. Sannan ka gaya mini tsakani da Allah, yau sau nawa ka ji jiniyar keke ko ta moto na kuka cikin kasuwa ka aje ɗinkinka ka hito dubawa? Ba mai hitowa. Iska ta kaɗa ta yi kuka, yaro ya jingina ta yi kuka, jaki ya gifta ta yi kuka, kunnen kowa ya saba. In ma wani ya waiga ɓarawon cewa zai yi rimot ɗina ne ya lalace, har a taya shi ɗagawa. Abin da ke ba ni haushi masu saidawar sun san duk wanga, amma sai su tsaya gaban mutumin da ya kwashi adashin shekara su danna maɓalli fitila ta yi walƙiya su ce ba mai iya sata, don ciniki ya faɗa. Ranar da anka ɗauke ka koma wurinsu Allah ya maida alheri kaɗai za ka samu, sai kuma su nuna maka sabon da anka kawo.

Saboda haka tambayar farko ba wane kwaɗo ba ce, a jikin me zan ɗaure ita ce. Abu ne da ba ya tumɓukuwa, ba ya yankuwa da wuri, kuma ba a iya ɗaga keken a zare shi ta samansa. Turken ƙarfe da anka dasa da siminti, ko ƙarfen ƙofar shago mai kauri, ko gindin babban dogon yaro in sarƙarka ta zagaye shi. Itacen rumfa ba ya ciki, girgiza biyu ya hito. In babu kusa da rumfarku ku haɗa kuɗɗi kai da maƙwabta ku kira mai walda ya lanƙwasa muku bututun ƙarfe mai kauri a dasa shi cikin siminti, mutum biyar sai su ɗaure a jiki. A gida ma haka, zobe na ƙarfe cikin daɓen zaure, don da yawa cikin dare ake haurowa a buɗe ƙofa ta ciki a tura keke waje.

Igiyar wayar da ka gani, bar musu kayansu. Kaurin nan roba ne, in ka feɗe ta siraran wayoyi ne anka murɗe a ciki, almakashin ƙarfe da ke shiga aljihu yana cinye su ɗaya bayan ɗaya, babban kuwa datsa ɗaya ne. Lambobin nan ma masu arha in an ja igiya ana juyawa hannu na jin inda kowace lamba ta zauna. Amfaninta ɗaya, ka zagaya ta a ƙafar gaba ko sirdi bayan ka riga ka kulle da na gaske.

Na gasken iri biyu ne. Akwai kwaɗo mai siffar U, ƙarfe ɗaya lanƙwasasshe da ke shiga cikin sanda, ka nemi mai kaurin milimita 13 zuwa 16, wanda ya kai 16 na ƙarfe mai tauri almakashin yankan rodi ba ya cin shi. Ka duba kuma ya zan yana kamawa ta gefe biyu, don in an yanka gefe ɗaya bai buɗe sai an sake yanka ɗayan. Damuwarsa a garinmu gajere ne, ba kowane turke yake kaiwa ba. Shi ya sa ni ga irin kekenka na hi son sarƙa, milimita 10 zuwa sama, tsawon mita ɗaya ko da ɗan ɗori, da kwaɗo wanda wuyansa ke ɓoye cikin jikinsa ba wanda ya miƙo waje kamar na ƙofar ɗaki ba. Za ta yi nauyi, kilo biyu da wani abu ko uku, amma ai ba kai ke ɗauka ba batir ke ja. Sai dai ka kula, sarƙar da ake aunawa da mita a kasuwa ta jan kaya ce, ƙarfenta laushi gare shi ko da ta yi kauri. Ka tahi da magagari ko guntun zarto ka goga a zobe ɗaya gaban mai kaya, in ya ci ya bar rami aje ta, mai tauri zamewa yake yi sai dai ya bar ɗan zane. In mai kaya ya hana ka gwadawa ka samu amsarka.

Sunayen da anka sani a duniya su ne irin Abus na Jamus da Kryptonite na Amurka, kuma akwai masu gwada makullai su ba da shaida, Sold Secure a Ingila mai matakin tagulla, azurfa, zinariya da daiman, da ART a Holan mai tauraro 1 zuwa 5. In kana da wanda zai sayo maka daga waje ka ce masa zinariya ko daiman. Amma sunan da ke kan kwali a bakin titi ba hujja ba ne, jabu sun yi yawa, magagarinka ya hi shi gaskiya. Makulli mai zagaye kamar bakin bututu shi ma ka kauce masa in mai arha ne, tun 2004 anka nuna ana buɗe wasu na Kryptonite masu irin wanga makulli da bututun biro, har kamfanin ya musanya wa mutane, amma masu kwaikwayo har yau suna zuba shi kasuwa.

Wurin ɗaurewa sarƙa ta ratsa gangar jikin keke, in da hali har da ƙafar baya tunda cikinta injin yake, ba ƙafar gaba kaɗai ba da ake kwance noti biyu a bar maka ita. Kar ka bari ta yi rara ta kwanta ƙasa, nan ne ake samun wurin dannawa da almakashi ko a buga da guduma. Ramin makulli ya kalli ƙasa. Lokacin hunturu ƙura na cika shi, kar ka ɗura masa baƙin mai ya zama laka, ka goga bakin fensir a jikin makullin ka shigar ka hitar sau da yawa.

Wani zai ce to injin yankan ƙarfe mai batir fa? Gaskiya ne yana yanke kusan kowane kwaɗo cikin minti ɗaya ko biyu, har kamfanoni irin Hiplok da Litelok sunka hito da masu cinye faifan injin, tsadarsu kuwa ba ta tela ba ce. Amma injin nan ƙara gare shi da tartsatsin wuta, ba a yin shi ɓoye a tsakiyar kasuwa, shi ya sa za ka ɗaure inda idon mutane yake ba lungu ba.

Batir in mai ciruwa ne ka cire ka shiga da shi rumfa, shi ne abu mafi tsada a jikin keken kuma shi ya hi saurin shiga hannu. Yau ɗin nan kuma kafin ka sayi komi ka ɗauki hoton lambar da ke jikin gangar keken da ta injin, da takardar sayenka, ka tura wa wani ɗan'uwa ya aje. In abu ya faru ka je komisariya lambar za a fara tambayarka, "baƙi ne mai jan sirdi" ba ta kamo komi, ga Ɗan Isa da iyakar Nijeriya nan kusa ba su kai tahiyar awa guda a mota ba. Na'urar bibiya mai layin waya tana taimakawa in an ɓoye ta da kyau kuma kana sa mata kuɗɗi, ɗan maɓallin bibiya na kamfanin Apple da ake kira AirTag kuwa da iPhone ɗin mutanen da ke kusa yake dogara, in keken ya shiga ƙauye shiru za ka ji.

Kuɗɗi kuma ka ware kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da ka sayi keken, wajen jika 30 zuwa 35 ke nan, sarƙa da kwaɗo da rabonka na dasa turke. In ba su samu yanzu ba, kafin su samu ka riƙa shigar da keken cikin rumfa kusa da keken ɗinkinka ko da za a matsu.