Amsa: Labarin ƙawaye daga yarinta har tsufa

Kin ce kina rubuta labarin ƙawaye huɗu 'yan wani ƙaramin gari tun suna talla har suka tsufa, kina tambaya yadda za ki nuna tafiyar shekaru ba tare da labarin ya koma darasin tarihi ba. Kar ki sa musu kwanan wata a baki, ki bar su su ƙirga lokaci yadda tsofaffinmu ke yi. Wance an mata aure ana yaƙin basasa (1967 zuwa 1970 kenan), wance ta haifi ɗan fari shekarar canjin hannun tuƙin mota, 1972, ɗayar kuma mijinta ya rasu lokacin da aka daina fam da sule aka koma naira a 1973, ga kuma farin da aka yi wajen lokacin. Mai karatu zai gane da kansa.

Ni dai da na zauna da kakata ina mata tambayoyi, abin da na lura shi ne aure ne ke raba ƙawaye, kowa an kai ta wani gari ga kulle, sai biki ko suna ko gaisuwar mutuwa ke haɗa su, wani lokaci shekara uku ba a ga juna ba. To ki gina babukan a kan waɗannan haɗuwar, kuma ki sa gudummawar biki a ciki, don wallahi ƙawa ba ta manta abin da aminiyarta ta kawo mata ranar suna, ko da an shekara talatin, kuma rigimarsu ma yawanci daga nan take tashi.