Amsa ga mai tambaya kan karatun Faransanci na ɗanta ɗan CP (aji biyu na firamare) a Garwa, Kamaru

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce yaronki yana karanta shafi tiryan-tiryan, amma da kin nuna masa kalma ɗaya a tsakiya sai ya yi zuru. Hadda ya yi, bai gane baƙaƙen ba tukuna. Wannan ya yi yawa a SIL (aji ɗaya) da CP, domin ajin cike yake, malam ya faɗa yara su amsa baki ɗaya.

Ki rufe hoton da ke shafin da hannu, ki sa ya bi da yatsa gaɓa-gaɓa. Tunda yana zuwa makarantar allo, ya san yadda wasali ke mayar da baƙi ba, bi, bu. Daga nan za ki kama shi. Inda Faransanci ke rikita yara shi ne irin su "ou", "oi" da "eau", sai baƙaƙen ƙarshen kalma da ba a furtawa. Ki ɗauki ɗaya tak a sati, ku nemo shi a jikin gwangwanin madara ko allon shago.

Minti 15 bayan magariba ya isa. In ya gama jimla, ya faɗa miki ma'anarta da Hausa. Don Allah ban da bulala, tsoro ke ƙara ɗaure masa harshe. In ba ki yi boko ba, ki samo ɗan CM2 (aji shida) a maƙwabta ya zauna da shi, ke kina kusa kina saurare.