Hoton 'Yan Takara a Zaɓen Ƙungiyar Masu Gidaje: Ni Dai Na Ɗanɗana

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tun da safe na ga tambayarki, na bari sai na dawo daga aiki don amsar ba ta tsaye ba ce. Kin ce an saka ki a kwamitin shirya zaɓen ƙungiyar masu gidajen unguwarku, wadda a nan Amurka suke ce wa HOA, kujera uku ake nema, mutum shida sun fito, shi ne wani ya kawo shawarar kowane ɗan takara ya aiko da hotonsa a manna a kan takardar bayaninsa. Kina son sanin ko doka ta yarda, kuma ko ya dace.

Doka ba ta hana ku roƙa ba. Amma in shawarata za ki bi, kada ku nema. Tilastawa kuwa, kada ma ku soma.

Shekara shida na yi a kwamitin gudanarwa na unguwarmu a gefen Sakramento, gida 186. A takarata ta farko, kamfanin da ke riƙe mana takardu ya aiko da saƙo cewa kowa ya rubuta bayanin kansa, kada ya wuce kalma 200, ya haɗa da hoto in yana so. Ni kuwa ban kawo komai a raina ba, na ɗauko hoton da aka ɗauke ni ranar Sallah, farar shadda da hula zanna bukar, wanda mai ɗakina ta ce duk ya fi kyau. Shugaban da ke kan kujera ya aika da hoton situdiyo, kwat da nektai, gashi a kwance. Akwai wani dattijo ɗan asalin Meziko, tsohon ma'aikacin lantarki, wanda duk unguwar ba wanda ya kai shi sanin inda kowace waya ta fitilun titinmu ta bi. Shi sai ya ɗauki kansa da waya yana zaune a mota, bel a kafaɗa, rabin goshinsa ma bai fito ba. Wata ma'aikaciyar jinya kuma ba ta aika da komai ba.

Kamfani, don ya rage kuɗi, ya gurza takardun baƙi da fari. Ranar da ambulan ya iso na buɗe a bakin akwatin wasiƙu, wallahi ban gane kaina ba. Fuskar ta zama gawayi, ba ka ganin komai sai ido biyu da haƙora da hula a sama. Ɗana ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ita kuwa baiwar Allah nan ma'aikaciyar jinya, sai aka bar mata fili fari fat a gefen sunanta, aka rubuta a ciki cewa ba ta kawo hoto ba. Ki duba yadda wannan yake a idon mai jefa ƙuri'a: sauran duk ga fuskokinsu, ita kaɗai kamar mai ɓoye wani abu. Sai daga baya na ji dalilinta. Rabuwa ta yi da mijinta ba ta daɗi ba, ba ta son hotonta da sunan unguwarta su haɗu a takarda ɗaya, takardar da wani zai iya ɗauka ya ɗora a Facebook. Ita ce ta fi mu duka iya lissafin kasafi, kuma ta faɗi. Dattijon ma ya faɗi. Ni da ƙyar na sha. Bayan zaɓe wani maƙwabci ya tare ni yana murmushi ya ce, "Ai kai ne mai hular nan, ko?" Da hira ta yi hira na gane bai karanta ko layi ɗaya ba na abin da na rubuta a kan asusun gyaran rufi. Hular kawai ya riƙe.

Wannan shi ne tarkon "in mutum yana so". A baki kamar an ba kowa zaɓi, a takarda kuwa wanda bai kawo ba an riga an yi masa tabo.

Tunda ke ma Kaliforniya kike, dokar Davis-Stirling, wato dokar jihar da ta tsara ƙungiyoyin masu gidaje, ita ce ke kanmu, kuma ta ambaci hoto ƙarara. Sashe na 5135 ya hana a yi kamfe da kuɗin ƙungiya, cikin abubuwan da ya lissafa a matsayin kamfe har da saka hoton ɗan takara ko kambama sunansa a wata sanarwa ta ƙungiya cikin kwana 30 kafin zaɓe. Amma ya ware daga hanin takardar ƙuri'a da takardun da ke rakiyarta da sanarwar da doka ta wajabta, da kuma inda aka buɗe wa kowane ɗan takara ƙofa daidai wa daida. Don haka hoto a cikin ambulan ɗin zaɓe bai saɓa doka ba. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne jaridar unguwa ta wata-wata: sai ki ga ana saura mako biyu zaɓe an buga hoton shugaba yana yanke ƙyalle a sabon wurin ninkaya, alhali yana takara.

Sashe na 5105 kuma ya ce in kun ba ɗan takara ɗaya fili a jarida ko shafin intanet na ƙungiya, dole ku ba kowa, kuma ba ku da ikon gyara ko yanke abin da ya aiko. To in wani ya aiko da hotonsa sanye da rigar jam'iyya, ko riƙe da allo yana zagin kwamiti fa? Kun shiga uku. Sannan tun da gyaran da ake kira SB 323 ya fara aiki a Janairun 2020, an ƙayyade dalilan da za a iya hana mutum takara: wanda ba mai gida ba ne, wanda ake bi bashin kuɗin wata-wata, wanda bai cika shekara a ƙungiya ba, da 'yan kaɗan makamantansu. Rashin hoto ba ya ciki. Kuka cire sunan mutum don bai kawo hoto ba, yana da shekara guda ya kai ku kotu, alƙali yana iya soke zaɓen, ga tara da ke iya kaiwa dala 500 a kan kowane laifi.

Ba zan zalunci masu son hoto ba, suna da hujja. A unguwa mai gida ɗari biyu mutane sun san fuska ba su san suna ba. Kowa ya san matar nan mai fita da karnuka biyu da asuba, ba wanda ya san yadda ake kiranta. Wani abokina ɗan Kumasi ya taɓa yi mini gardama a kan wannan, ya ce a Ghana takardar ƙuri'a da hoton ɗan takara take zuwa, sama ba ta faɗo ba. Gaskiyarsa. Mu a Najeriya tambarin jam'iyya muke dangwala wa. Amma can ana yi ne don a taimaki wanda bai iya karatu ba, da kuma wanda ya riga ya san fuskar daga fastoci. Nan kuwa kowane mai ƙuri'a ya sa hannu a kan tulin takardun sayen gida. Karatu ba ya gagararsa, ƙiwa ce kawai, hoto kuma ƙara masa ƙiwar yake yi.

Mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ban da fuskar takarda. A 2005 wani malami a Jami'ar Princeton, Alexander Todorov, shi da abokan aikinsa sun nuna wa mutane hotunan 'yan takarar majalisar Amurka waɗanda ba su sani ba, na daƙiƙa ɗaya tak, suka ce su faɗi wanda ya fi kama da wanda ya san aiki. Wanda mutanen suka nuna shi ne ya ci a kusan kashi 70 cikin ɗari na zaɓukan majalisar dattawa. Daƙiƙa ɗaya fa, Hajiya. Ba banza ba hukumar EEOC, mai hana wariya a wajen ɗaukar aiki a Amurka, take gargaɗin masu ɗaukar ma'aikata da kada su nemi hoto tare da takardar neman aiki. Ga kuma dokar hana wariya a harkar gidaje ta 1968, wadda ta shafi launin fata da addini da asalin ƙasa, kuma ƙungiyoyin masu gidaje ba su fita daga ƙarƙashinta ba. Hoto shi kaɗai ba laifi ba ne a wannan doka. Sai dai ran da rigima ta tashi, mai hijabi ko mai rawani ya ce an ware shi, takardar da kuka buga da hannunku ita lauyansa zai fara ɗagawa. Mu da ke yawo da hula da mayafi a ƙasar nan ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Da na zauna a kujera, abin da na fara kawowa ke nan, kuma sai da muka kwashe zama biyu ana ja-in-ja. A ƙarshe muka cire hoto gaba ɗaya. Kowane ɗan takara shafi ɗaya, tambaya uku iri ɗaya ga kowa: nawa ne a asusun ajiya kuma ya ishe mu sauya rufi ko bai isa ba, zai ƙara kuɗin wata ko ba zai ƙara ba, me zai yi da rikicin wurin ajiye mota. Sannan muka sa dare ɗaya a zauren taron unguwa, da shayi da biskit, wanda bai samu zuwa ba ya shiga ta Zoom. A nan mai son fuska zai ga fuska, ya ji murya, ya ga wanda ke inda-inda in an tambaye shi kuɗi. Dattijon nan mai lantarki ya sake fitowa a shekara ta biyu. Da aka tambaye shi dalilin da fitilun layin baya ke mutuwa duk lokacin ruwa, sai ya jawo takardar goge baki ya zana mana inda ruwa ke shiga akwatin waya. Shi ya fi kowa ƙuri'a.

In kuwa kwamitinku ya kafe sai hoto, to aƙalla ku kira mai hoto ɗaya ya ɗauki kowa rana ɗaya a jikin bango ɗaya, ku buga da kala, kowa ya sa hannu cewa ya yarda kuma ya san inda hoton zai je. Mutum ɗaya ya ce a'a, a bar na kowa. Kada ku bar wa kowa farin fili.

Kafin komai, ki ɗauko dokokin zaɓenku da ke rubuce ki ga ko sun yi maganar hoto, sannan ki ƙirga kwanaki. Doka ta hana a taɓa dokokin zaɓe in saura ƙasa da kwana 90 a jefa ƙuri'a. Kin ce naku watan jibi ne, don haka bana ma ƙofar gyara ta riga ta rufe. Ki faɗa wa mai shawarar haka, ki ce a ajiye maganar sai bayan zaɓe. Allah ya ba da sa'a, a gaishe da Alhaji da yara.