Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan labaran rikicin Filato da ake turowa daga waje

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa labarin da yayanki ke turo miki daga Ingila ya sha bamban da abin da kike gani a Jos, kuma wanne za ki gaskata.

A Jos aka haife ni. Rikicin 7 ga Satumba 2001 a gabana aka yi shi, haka na 2008 da na 2010. Bayan na 2010 ne na yi wa wasu masu bincike daga waje tafinta, a nan idona ya buɗe. Ba kasafai ƙungiyoyin da ke yaɗa labarin rikicin a waje ke ƙirƙirar gawa ba, mamatan na gaske ne. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da kowa ya zaɓa labarinsa ya fara. Mai kai kukan Kiristoci gaban 'yan majalisar Amurka daga kisan ƙauyen Dogo Nahawa yake ɗauko zancen, Maris 2010. Namu na Musulmi kuwa daga Kuru Karama, a Janairun shekarar, inda aka tsamo gawarwaki daga rijiyoyi. Ko wata biyu ba a yi tsakaninsu ba, amma da wuya ki ji baki ɗaya ya ambaci duka biyun.

Akwai wata tsohuwa da na fassara maganarta. Ta shafe kusan awa tana zancen gonarta, da shanun da suka shiga, da maƙwabcin da ya ɓoye jikokinta a rumbu alhali ba addininsu ɗaya ba. Da rahoton ya fito, layi biyu kacal na gani daga bakinta, maƙwabcin kuwa ko sunansa. Wallahi abin nan yana ci mini rai har yau.

Ban ce aikinsu duk sharri ba ne. Ba don ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta rubuta kisan Yelwa na 2004 ba, da abubuwa da yawa sun bi ruwa. Amma hoton da ba a tantance ba kashe mutane yake yi. Bayan harin Gashish a Yunin 2018, an yaɗa hoton wani jariri da sara a kansa a Facebook, aka tare matafiya a hanya aka kashe su. Daga baya binciken BBC ya gano hoton ba na Gashish ba ne, ya riga ya bayyana a Facebook watanni kafin nan.

Yayanki ba mugu ba ne, kewar gida ce da zafin zuciya. Sai dai shi in ya tura, barcinsa zai yi, ke ce za ki bi ta Farin Gada gobe da safe. In ya sake turowa, ki tambaye shi cikin ladabi: wane ƙauye ne, wace rana, wa ya ɗauka? Sannan ki kira wanda kika sani a wajen. Kafin ki ji daga bakinsa, don Allah kada ki tura wa kowa.