Tambaya da Amsa: Yadda ake riƙe lissafin tsuntsayen da aka gani cikin shekara

Tambaya: Malam, barka da aiki. A farkon Janairu na sayi ɗan littafi na fara rubuta kowane irin tsuntsu da na gani, don in san nawa zan tara kafin shekara ta ƙare. Cikin mako shida na kai iri 48, amma ga shi muna watan Yuni ban wuce 63 ba. Abokina da muka fara tare ya ce ya haura 110, sai dai na lura har wanda ya ji kukansa kawai yake rubutawa, har da akun da ke keji a gidan maƙwabcinsa. Ni ne ban iya ba, ko shi ne yake ha'inci? Kuma in shekara ta ƙare, sai in yar da lissafin in sake sabo?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, abin da ya same ka shi yake samun duk mai wannan lissafi. A makonnin farko kowane tsuntsu sabo ne a littafinka: hankaka, balbela, shirwa, kurciya, duk suna shiga ba wahala. Da ka gama kwashe na kusa waɗanda ake gani kullum, sai a bar ka da masu wuyar samu, wato masu ɓuya, masu yawon dare, da waɗanda ba su zuwa sai lokacinsu ya yi. Daga nan kowane ƙari ɗaya kan ci kwanaki, wani lokaci makonni. Iri 15 cikin wata huɗu ba gazawa ba ce.

Game da abokinka, rabin abin da yake yi daidai ne, rabi kuma ba a yarda da shi ba. Ƙa'idar da ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta Amurka, wato ABA, take bi, wadda kuma mutane da yawa a wasu ƙasashe suka ara, ita ce tsuntsun ya kasance da rai, na daji, ba a tsare ba a lokacin da ka same shi. Don haka akun keji ba ya shiga, haka na gidan namun daji, haka gawar da ka tsinta a bakin hanya. Sai ya goge akun nan.

Amma maganar kuka, nan gaskiya tana wajensa. Mun saba cewa gani ya kori ji, to a wannan harka bai kore shi ba. Ƙa'idar ta yarda a ƙirga tsuntsun da aka ji in dai kukan ya isa ya tabbatar da ko wane ne. Wasu ma kunne ya fi ido gane su. Mujiya da yautai da dare suke harkarsu, za ka iya shekara kana jin su ba ka sa su a ido ba. Akwai kuma ƙananan tsuntsayen ciyawa masu launin ƙasa-ƙasa da ko gwani sai ya ji kukansu yake raba su, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, a nan ba karin magana ba ne, zahiri ne. Abin da nake ba da shawara shi ne ka sa wata 'yar alama a gefen wanda ka ji kawai, ranar da ka gan shi sai ka cire ta. Sharaɗin dai shi ne kai ne ka gane kukan. Manhajar Merlin tana sauraron kuka ta waya ta faɗi sunan tsuntsu, kuma tana taimako ƙwarai, amma takan yi kuskure, musamman a yankunan da ba a tara mata sautuka da yawa ba. In waya ce kaɗai ta ce ga wane, ni ba na rubutawa.

Yanzu bari in zo kan abin da nake zargin shi ne ya fi danne maka lissafi, ko da yake ba ka tambaye shi ba. Da wane suna kake rubuta su? Sunayen da muke kiran tsuntsaye da su a baki sau da yawa suna ɗaya ne yake rufe iri da dama. In ka rubuta “kurciya” ka wuce, ƙila iri uku ko huɗu ka dunƙule a layi guda. Ka tsaya ka dubi wuyansu: wasu suna da baƙin zane a ƙeya kamar rabin sarƙa, wata kuma ba ta da shi, sai ɗige-ɗige a gaban wuya. Kukansu ma ba ɗaya ba ne. Haka farin tsuntsun da kake kira balbela: mai bin shanu bakinta rawaya ne, amma akwai wata siririya a bakin ruwa mai baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu, yatsunta kuma rawaya, wannan iri ne dabam. Tsattsewa ta fi duka rikitarwa, don tsuntsayen da ke shawagi a sama suna cafke ƙwari gida biyu ne da ba su haɗa dangi na kusa ba sam, kamannin jiki ne kawai da irin sana'a suka haɗa su, kuma kowane gida da nau'o'insa. Ina kyautata zaton in ka koma ka warware irin waɗannan, 63 ɗinka za ta motsa ba tare da ka je ko'ina ba.

Maganin shi ne ka samu littafin gane tsuntsaye na yankinka mai hotuna, ka riƙa rubuta sunan kimiyya kusa da sunan da ka sani. Sunan kimiyya kalma biyu ne na Latin, kuma iri ɗaya tak yake nufi ko'ina a duniya: shamuwa Ciconia abdimii ce, hankaka mai farin ƙirji Corvus albus ne. Ba sai ka haddace ba, kwafa za ka yi.

Akwai kuma kuskuren da ke kumbura lissafi, kishiyar wancan. Tsuntsu ɗaya sai a rubuta shi sau biyu ko uku, saboda namiji da tamata ba su kama, ƙarami bai yi kama da babba ba, wasu kuma suna sake gashi da sauyin lokaci. Misali Euplectes franciscanus, ɗan tsuntsun nan da namijinsa kan yi ja wur da baƙi da damina lokacin hayayyafa. Da lokacin ya wuce sai ya koma ƙasa-ƙasa mai zane kamar tamatarsa, ka rantse wani ne dabam. Ban ce abin da ya kai abokinka 110 ke nan ba, amma da zan duba littafinsa, nan zan fara.

Su kansu masana ba su gama daidaitawa kan iyakar kowane iri ba. Shirwa mai rawayan baki da ke zaune a Afirka da mai baƙin baki da ke zuwa daga Turai, wasu jerin sunaye iri biyu suka ɗauke su, wasu iri ɗaya. A 2025 aka fitar da jeri na bai ɗaya mai suna AviList don rage wannan saɓani, ya lissafa iri 11,131 a duniya. Kai dai ka zaɓi jeri ɗaya ko littafi ɗaya ka tsaya a kansa har shekara ta ƙare, kuma in za ku gwada da abokinka ku tabbata mudu ɗaya kuke awo da shi. Haka iyakar wuri: ku yanke tun farko ko lissafin na unguwa ne, na jiha, ko na duk inda ƙafa ta kai mutum. Wanda ya yi tafiya biyu mai nisa zai wuce wanda bai fita ba, ko da na zaunen ya fi shi ido.

Abin da za ka rubuta bai da yawa: suna, kwanan wata, wuri, adadin da ka gani ko da kimantawa ne, da tsawon lokacin da ka yi kana dubawa. A wurina kwanan wata da wuri sun fi jimillar ƙarshen shekara daraja nesa ba kusa ba. Jimilla lamba ce da za ka faɗa wa abokai a yi dariya a watse. Amma in ka rubuta ranar da ka fara ganin shamuwa bana, baɗi ka sake, baɗin baɗaɗa ka sake, to ka fara riƙe wani ilimi game da wurin da kake da ba ya cikin littafin kowa.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta ƙarshe. Ba a yar da komai. Jeri biyu ake riƙewa: na rayuwa, wanda tsuntsu ke shiga sau ɗaya tak ranar da ka fara ganinsa, ba ya kuma sake fita, da na shekara, wanda ke komawa sifiri kowace 1 ga Janairu. Daɗin na shekara ke nan, yana sa ka sake kallon hankaka da idon baƙo, yana kuma tilasta maka sanin lokuta. Tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suna tsallaka Sahara zuwa kudu wajen Satumba da Oktoba, su juya wajen Maris da Afrilu. Shamuwa kuwa a cikin Afirka take kai da kawo, tana hayayyafa a yankin Sahel, kudu da Sahara, da damina, ruwa na ɗaukewa ta nufi gabas da kudu. Wanda ya san wannan ba zai damu da tsayawar lissafi a Yuni ba, ya san akwai baƙi a hanya.

In kana son adadin ya ƙaru, sauya irin wuri ya fi yawaita fita. Fita goma a fili ɗaya ba za ta ba ka abin da safiya ɗaya a fadama ko bakin tafki za ta ba ka ba, sannan kurmi da nasa, duwatsu da nasu. Ka fita da sassafe, ka riƙe madubin hangen nesa in kana da shi, ka kuma iya zama shiru. Kada neman ƙari ɗaya ya sa ka matsa wa sheƙa ko ka yi ta kunna wa tsuntsu kukan ɗan'uwansa ta waya har ya bar ƙwansa.

Akwai masu ɗaukar abin da zafi. A 2015 wani Ba'amurke, Noah Strycker, ya zaga ƙasashe 41 ya ga iri 6,042 cikin shekara guda. A 2016 Arjan Dwarshuis ɗan ƙasar Holan ya wuce shi, ya ga iri 6,852. Abin burgewa ne, amma wannan gasar jirgin sama ce da guzuri da 'yan jagora, ba ma'aunin da za ka auna kanka da shi ba. Ni wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne mai shekara goma yana ƙirga tsuntsayen kududdufi ɗaya.

Irin wannan mutum ne masu bincike suke nema. A 1900 wani masanin tsuntsaye, Frank Chapman, ya kawo shawarar a daina gasar harbin tsuntsaye da ake yi ranar Kirsimeti a Amurka, a koma ƙirga su. Mutum 27 suka fara, kuma har yau ana yin ƙidayar duk shekara. A 2002 cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell tare da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Audubon suka buɗe shafin intanet mai suna eBird, inda kowa ke shigar da abin da ya gani kyauta, ita kuma ta haɗa maka jerin shekara da na rayuwa da kanta. A can za a tambaye ka ko duk abin da ka gane ne ka rubuta, ko kuwa zaɓa ka yi. Tambayar tana da muhimmanci, domin cikakken jeri yana faɗin abin da babu, ba abin da ke akwai kaɗai ba. Ungulu mai jan kai, Necrosyrtes monachus, da aka saba gani birjik, a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa mafi tsanani. Tsuntsun da kowa ya raina bai rubuta ba, ranar da ya fara ɓacewa babu mai iya cewa ga shekarar da abin ya soma. Don haka ka rubuta na kullum ɗin ma, da adadinsu.

Saura wanda ka gani ba ka tabbatar ba. Kada ka sa shi a jeri, kada kuma ka watsar. Ka ware masa shafukan ƙarshen littafin, ka rubuta girmansa idan aka gwada da kurciya ko hankaka, siffar baki, launin ƙafa, abin da yake yi, da inda ya sauka, tun kafin ka buɗe littafin hotuna, don ido yana saurin yarda da abin da zuciya ke so. In ka samu hoto ko ka naɗi kukansa, ya fi. Da yawa daga cikinsu za ka warware su bayan wata biyu ko uku in idonka ya ƙara faɗawa, sai ka mayar da su jerin da ainihin ranar da ka gan su.